Hannun Dama

"A hankali da fiyanon nan, ya girme ka!" in ji Baba Mai Fiyano, yana dogara sandarsa, direba kuwa yana ta kokawar cusa kayan kiɗa a bayan bas, tsakanin kekunan guragu biyu da aka naɗe.

Yau ce Asabar ɗin fita. Sau ɗaya a wata ƙungiyarsu ta masu buƙata ta musamman kan ɗebi 'ya'yanta zuwa wurin shaƙatawa, a sha iska, a yi kiɗa, a dawo kafin la'asar.

Shekara talatin Baba ya yi yana kiɗa a manyan otal, kafin shanyewar ɓarin jiki ta kashe masa hannun dama. Ya lulluɓe fiyanon da tsohon zane, har sai da 'yarsa ta kawo shi ƙungiyar, shi ma da ƙyar da jiɓin goshi. A nan ya tarar da Malama, wadda ta yi ritaya daga koyarwa bayan ciwon suga ya tafi da idanunta. Ita da hannu ɗaya ta iya bin waƙoƙin yara a fiyano. Shugabar ƙungiya ta dube su ta ce, "Kai hagu, ita dama. Ku zauna a benci ɗaya mu gani." Shekara biyu ke nan suna zaune.

A bas ma kujera ɗaya suka zauna. Na baya suna ta tsokanar direba wai kunkuru ya wuce su, sai Malama ta ɗan karkato.

"Mai Fiyano, an yi wa ɗana canjin wurin aiki. Laraba za mu tashi."

Baba ya dubi hannunsa na dama da ke kwance a cinya kamar na aro. Wata uku yana shirya wata magana. Tun rasuwar matarsa bai taɓa zaton bakinsa zai sake neman irinta ba, har gwaji ya yi a gaban madubi, saboda harshensa yakan yi nauyi in ya yi gaggawa.

"Allah ya sa a tashi lafiya," ya ce.

"Shi ke nan abin da za ka ce?"

"To me zan ce, Malama? Ɗa ya fi ƙarfin fiyano."

"Ya ce can ma akwai ƙungiya irin tamu."

"Da mai hagu?"

Ta yi 'yar dariya, ta gyara baƙin gilashinta. "Ban tambaya ba."

A wurin shaƙatawa aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin manyan bishiyoyi, aka jona wuta a shagon mai lemo. Kurame biyu suka dafa lasifika da tafin hannu suna rausaya. Wata mata ta juya kekenta tsakiyar fili tana rawa da kafaɗa, masu wucewa suka tsaya kallo. Baba yana riƙe da ƙasan kiɗan, Malama tana bi ta sama. In ta kauce, yakan ɗan taɓa ta da gwiwa ta dawo hanya. Sau biyu ya buɗe baki tsakanin waƙa da waƙa, sau biyu ruwa kawai ya nema.

"Ta ƙarshe!" in ji Shugaba, tana nuna agogo. Direba har ya tayar da mota.

Suka ɗauko waƙar. A tsakiya Baba ya fara jan kiɗan, yana rage gudu kaɗan kaɗan. Mai ganga ya harare shi, ya gaji ya bi. Masu waƙa suka ja numfashi suka bi. Da aka zo inda ya kamata ya rufe, sai hannunsa ya zarce, ya koma farkon waƙar.

Malama ta ɗaga yatsunta.

"Mai Fiyano," ta ce ƙasa ƙasa, "ai waƙar ta ƙare."

"Na sani."

Direba ya danna ham. Jama'a sun fara naɗe tabarmi. Baba bai waiwaya ba, yana ta maimaita mabuɗin shi kaɗai, rabin waƙa mai jiran ɗaya rabin.

Malama ta mayar da yatsunta kan fiyanon. Sannan ta lalubo wurinta, ta shigo.