Ranar da Aka Toshe Shafin Gidan Reno

Sabon Manaja bai gama ɗumama kujerarsa ba ya gano ciwon da ke damun kamfanin, ko kuma dai haka ya ce. Dogo ne mai tafiya ba ƙarar takalmi, sai dai ka ji numfashi a ƙeyarka. Zagaye ɗaya ya yi a babban ɗakin masu amsa koken abokan ciniki, ya tarar wannan tana kallon ɗinki, wancan yana musun ƙwallo da mutumin da bai taɓa gani ba, wata kuma ta saki baki tana dariyar bidiyon akuya. Washegari aka girke akwatunan ƙarfe a bakin ƙofa, kowa da nasa, ka jefa wayarka ka kulle kafin ka shiga. Injiniyan kwamfuta kuma ya bi shafuka ya toshe, har da waɗanda ba su ci ba ba su sha ba.

Maganar gaskiya, ma'aikatan su suka ja wa kansu. Sai dai ba kowa ne ke kallon akuya ba.

'Yar Taga, wadda ta samo sunan daga teburinta da ke jikin taga, shafi ɗaya tak take buɗewa bayan na aiki, shi ne na gidan renon da take kai ɗanta. Lukuti ake ce wa yaron, bai cika shekara ba, kumatu kamar ya ɓoye abu a ciki. Gidan renon yana layin bayan ofis, kuma abin da ya ja ta can kyamara ce. Matar da ke da gidan, wadda kowa ke kira Madam, ta maƙala kyamara a ɗakin wasan yara, ta ba kowace uwa lambar shiga. Uwa ta buɗe shafin, ya ɗan yi juyi yana lodi, sai ga ɗaki fes: darduma mai launi, labule mai hoton jirage, fanka tana juyawa. 'Yar Taga ta sha faɗa wa mijinta cewa ita kam ta yi dace, don duk sanda ta leƙa, ko dai Lukuti yana kafaɗar mai reno, ko ana shigowa da shi ana yi masa waƙa.

Anti Gilashi, da teburinta ke manne da nata, ita ta nuna mata gidan. 'Yarta mai shekara biyu tana can. Haka wata ta ja wata, har kusan duk yaran gidan suka zama na matan kamfanin. Da dokar Manaja ta zo, su ta fi bugu. Waya tana akwati sai lokacin hutun rana, a lokacin kuwa Madam kashe kyamara take yi, wai yara suna barci. Aka yi ta mita a bakin famfo, aka tsine wa mai kallon akuya, daga baya kowa ya ja bakinsa ya yi shiru, don aiki ba a hanya ake tsintar sa ba.

Ran nan Lukuti ya tashi da zafin jiki, haƙori ne ke fito masa. 'Yar Taga ta ba shi magani, ta kai shi, ta miƙa wa Madam a bakin ƙofa, don a can iyaye ke tsayawa. Madam ta ce shiga da fitar iyaye tayar wa yara da hankali yake yi. Sai da 'Yar Taga ta zauna a teburinta, ta sa hannu a jaka neman biro, ta ji kwalbar maganin. Hannunta da kansa ya tafi shafin gidan reno, kamar bai san da doka ba, allon ya watso mata jan rubutu: an toshe wannan shafi.

Ta nufi ɗan ɗakin Injiniya, mai sanyi kamar cikin firji.

"Injiniya, don Allah ka buɗe min ko na ƙiftawar ido ne. Fuskarsa kawai zan gani."

"Wallahi 'yar'uwa, ni ma shafin da nake duba kayan gyara an toshe, kuma da hannuna na toshe shi," in ji shi, yana sosa ƙeya. "Ki ga Manaja."

Manaja ya saurare ta har ta gama, fuska a ɗaure tamau.

"Malama, in na buɗe miki yau, gobe mai akuya za ta zo ta ce akuyar 'yarta ce. Doka ta kowa ce."

"Ranka ya daɗe, ba shi da lafiya. Ga maganinsa ma a hannuna."

Ya dubi kwalbar, ya dubi agogo. Ba mugu ba ne, tsoron a ce yana da sauƙi ne ke damun sa.

"Kai masa ki dawo kafin a fara neman ki."

Ta fita ko wayarta ba ta tsaya ɗauka ba. Ta ratsa ta gaban mai wankin mota, ta tsallake kwata, ta sha kwana. Niyyarta ta danna ƙararrawa, ta miƙa kwalba, ta roƙi a leƙo mata da shi. Sai ta tarar da ƙofar a buɗe, mai kawo ruwan jarka ya tokare ta da dutse ya koma motarsa ɗauko kaya. Motar Madam ba ta nan. Ta yi sallama, ba a amsa ba, ta sa kai.

Ɗakin farko a hannun dama shi ne ɗakin da take gani ta kyamara. Ta gane labulen jiragen kafin komai, har ta fara murmushi, irin na wanda ya ga ɗan garinsu a tasha. Murmushin bai ƙarasa ba. Fitila a kashe, fanka a tsaye. Kayan wasa a jere a jikin bango kamar na sayarwa, darduma ko sawun ƙafa babu. Ɗakin ashe ɗan tsukut ne, kyamarar ce ke faɗaɗa shi. Ba yaro ko ɗaya, ga shi hantsi ne, lokacin barci da saura.

Can ta jiyo wani sauti daga ciki, ba kuka sosai ba, irin gurnanin yaron da ya gaji da kuka. Ta bi wani siririn lungu da ba ta taɓa sanin yana nan ba. A bangon lungun an rataye wani allo mai haske, cike da ƙananan hotunan yara, duk sun yi toka-toka. Ta ga na Lukuti a cikinsu, hoton da ita da kanta ta ɗauka ta aika wa Madam. Wari ne ya fara tarar ta kafin ta kai ƙofar ƙarshe.

Ɗakin ajiyar kaya ne aka kwashe. Taga ɗaya ce, ƙarama, can sama. An shimfiɗa tabarmin roba, yara a zube a kai, wasu ba riga, wasu da kunzugu ya jiƙe ya yi nauyi. Zafi kamar an rufe tukunya. Masu rarrafe da masu tafiya an ɗaure musu ƙugu da tsumma a ƙafar wani tsohon gado, don kada su fita. 'Yar Anti Gilashi tana cikinsu, ta juya wa ƙofa baya tana tsotsar takalminta. Mai reno ɗaya ce tal, dattijuwar da ake kira Inna, tana durƙushe tana goge amai.

Lukuti yana lungu, a ɗaure cikin kujerar jarirai. An tokare masa kwalbar madara da tawul, ta zame ta faɗi tuntuni, madarar ta bushe a wuyansa. Bakinsa a buɗe yana kuka, murya ba ta fita.

Ba ta san lokacin da ta tsallake yaran ba. Ta kasa ɓalle maɗaurin, sai da ta fizge shi. Jikin yaron ya ƙona mata ƙirji ta cikin riga.

"Laa, Maman Lukuti!" Inna ta miƙe, tsumma a hannu. Abin da ya fi ɗaure wa 'Yar Taga kai, ba alamar tsoro a fuskar matar, mamaki ne kawai. "Ai ba ki kunna ba."

"Ban kunna me ba? Inna, mene ne wannan? Me ɗana yake yi a nan?"

"Hotonsa, 'yar nan." Ta nuna allon lungu. "In uwa ta shiga shafin, hoton ɗanta yakan yi kore, ya yi ƙara. Sai a goge masa fuska, a sa masa riga, a fita da shi. To naki ya kwana biyu bai yi kore ba."

'Yar Taga ta jingina da bango.

"Kina nufin... tun can da ma a nan suke wuni?"

"Da dai da sauƙi, mu uku ne, kuma ku kullum kuna kunnawa, kafin a dawo da wannan an fita da wancan. Tunda ofis ɗinku suka daina kallo, Madam ta sallami biyun, ta ce ba amfanin biyan mutum uku. Ni ɗaya ya zan yi da su? Hannu biyu gare ni. In ban ɗaure ba, wani ya faɗa bokiti."

Kafin ta rufe baki allon ya yi ƙit-ƙit. Hoton wani yaro ya koma kore, ɗan wata mata ne da ba a kamfanin take aiki ba. Inna ta zabura kamar an tsikare ta. A gaban idon 'Yar Taga ta kwance yaron daga ƙafar gado, ta shafe masa majina da jiƙaƙƙen tsumma, ta fizgo riga mai tsabta daga ƙusa ta zura masa, ta saɓa shi a kafaɗa. Ta bi lungu da sauri, ta kunna fitila, ta kunna fanka, ta danna wani maɓalli a bayan ƙofa. Sannan ta shiga ɗakin jiragen a hankali, tana jijjiga shi, tana yi masa waƙa.

Waƙar da 'Yar Taga ta sani ce. Ta sha bin ta a zuci a teburinta, tana jin daɗi, tana gode wa Allah da ya haɗa ta da mutanen kirki. Juyin nan da shafin ke yi, wanda take ɗora wa laifin intanet, ashe lokacin da ake goge wa ɗanta fuska ne. Kuka take so ta yi, ya ƙi zuwa.

Ta lalubi jaka za ta kira mijinta, ta kira Anti, ta ɗauki hoto, ta kira ko waye. Babu waya, tana can cikin akwatin ƙarfe. Ta tsuguna da yaro a hannu ɗaya, ta ja ƙullin da ke ƙugun 'yar Anti, ya ƙi kwancewa, gumi ya cije shi.

"'Yar albarka, yanzu zan turo miki Mamanki, kin ji?"

Yarinyar ta ɗago ta dube ta, ba kuka ba murmushi, ta mayar da takalmin baki.

Yadda ta dawo ofis, ita ma ba za ta iya faɗa ba. Mai gadi ya buɗe baki zai ce ba a shiga da yara, ya ga fuskarta, ya matsa gefe. Ta tura ƙofar babban ɗakin. Komai yana nan yadda ta bar shi, kowa da abin sauraro a kunne, ana ba abokan ciniki haƙuri da murya mai zaƙi. Ɗaya bayan ɗaya kawuna suka ɗago.

Manaja ya ɓullo ta bayanta. "Malama, magani na ce ki kai, ba yaro na ce ki..." Idonsa ya sauka kan wuyan Lukuti, da bakin da ke buɗewa ba sauti.

Anti Gilashi ta zare abin sauraro, ta juyo da kujerarta, fuska cike da fara'a, don ta bayan yaron take hangowa.

"A'a, yau Lukuti ne a ofis? Ke kam kin more, har ciki suka bar ki kika shiga? Kin ga tawa? Tana wasa ko?"

'Yar Taga ta buɗe baki. Ta dubi Anti, ta dubi sauran matan da suka tsayar da aiki suna jiran a zo kan nasu, kowace da murmushinta a shirye.

"Na gan ta," ta ce, muryarta kamar ba tata ba. "Anti, tashi. Ki tafi da almakashi."