Yayen Ɗantala

Shekara biyu bayan an ba mu jihar Yobe, babban ɗana ya shigo mini gida a unguwar Dogo Tebo cikin Potiskum da kwali a hammata. Direban motar shanu ne, daga Gembu ya dawo. Na ɗauka tsaraba ce, har na fara sa masa albarka. Ya ajiye kwalin a gindin darbejiya ya buɗe, sai ga wani baƙin abu a dunƙule, kunnuwa faka-faka, ba wutsiya, an ɗaure masa ƙugu da igiya har ta ci nama.

"Innalillahi! Kai, mene ne wannan?"

"Ɗan biri ne, Inna. A tasha na gan shi hannun wani maharbi, yara suna ta tsokanarsa da kara. An harbe uwar."

"To sai aka ce maka ni ce uwar? Fitar mini da shi! Ni da nake dama furar sayarwa, wa zai sha furar gidan biri?"

Na sunkuya zan ture kwalin, sai abin nan ya miƙo hannu ya kama ɗan yatsana. Hannu ne sosai, da farce da zanen tafi, irin na jinjiri. Zazzaɓi ya sa shi zafi zau. Na ce a kawo wuƙa a yanke igiyar tukuna, korar ta biyo baya. Ranar Talata ce, shi ya sa ya tashi da suna Ɗantala.

Na ɗura masa nonon saniya ɗumi-ɗumi, don mu da shi muka san rai. Kafin la'asar gudawa ta kusa ƙarasa shi. Ɗana ya ruga kara, kasuwar shanu, ya kirawo Abatcha, malamin dabbobin da ke duba shanu. Abatcha ya jujjuya shi, ya ɗaga fatar idonsa, ya ce nonon ne ya ɓata masa ciki. Raina ya ɓaci, wai ni Hawwa'u Bafulatana, Babarbare ne zai koya mini nono! Amma gaskiyarsa ce.

"Inna, wannan ba birin gona ba ne," in ji shi. "Irinsu a kurmin can wajen Gembu kawai suke, kuma ƙarewa suke yi. Kafin a kama ɗa guda sai an kashe uwa, wani lokaci har da na kusa da ita. Ki ba shi ruwan gishiri da sukari, sai madarar jarirai. Kuma kar ki ajiye shi. A jikin uwa suke wuni, in ba jiki mutuwa yake."

Na goya shi da zani kamar kowane ɗa. Ashe su ba a baya suke zama ba. Ya dinga rarrafowa ta hammata har sai ya manne a ƙirjina, ya cusa yatsu a wuyan rigata. Haka nake daka, haka nake dama fura, da biri a gaba. Matan unguwa suka sa mini suna Uwar Ɗantala, wasu suka daina sayen furar. Na ce su je, Potiskum ba ta rasa masu ƙishi ba.

Ya warke, ya yi ƙiba, gashinsa ya yi sheƙi. In na yi masa cakulkuli dariya yake, wallahi dariya, baki buɗe yana haki. In na idar da salla sai ya zo ya zauna a kan cinyata yana tsefe mini kai, yana neman abin da babu. Ina son yaron nan, ba zan ɓoye ba.

Da ya shekara biyu a hannuna sai ƙarfi ya zo. Ya iya buɗe sakata, ya iya kwance akuya. Wata rana ya haura katanga ya shiga gidan maƙwabta, yarinyarsu ta ƙwalla ihu, shi ma ya firgita ya cije ta a hannu. Ubanta ya zo ƙofar gida da adda. Mai unguwa ya shiga tsakani, amma ya ce ko keji ko a fitar da shi daga unguwa. Muka gwada kejin ƙarfe kwana biyu. Ya dinga buga kai da ƙarfen har goshinsa ya fashe, na buɗe da hannuna.

Abatcha ne ya rubuta takarda zuwa wani wuri can kudu, inda ake tara marayun irinsu a babban fili mai itatuwa, su girma cikin 'yan'uwansu. Bayan wata uku suka turo mota da wani ma'aikacinsu, Joda, mutumin Mambila, siriri mai magana a hankali. Ɗantala na ganinsa ya ɗare jikina, ya ƙanƙame.

Joda ya zauna a tabarma ya daɗe yana kallonmu, sannan ya ce, "Inna, in na ɓamɓare shi daga jikinki da ƙarfi, zai daina cin abinci. Na ga biyu sun mutu a haka, ɗaya tun a hanya. Ba zan ɗauke shi ba sai ya karɓi abinci a hannuna, ya hau jikina da kansa. Kwana bakwai aka ba ni."

"In bai hau ba fa?"

"Sai in koma. Ke kuma kin san abin da ke jiransa a nan."

Kwana uku Joda yana zuwa tun hantsi da ayaba da gwanda. Ya zauna a ƙasa, ya yi irin kukansu a maƙogwaro, ya miƙa hannu. Ɗantala sai ya fizge ayabar ya kawo mini, wai ni in ɓare masa. Ni kuma uwar son zuciya sai in ɓare. Rana ta uku Joda ya ce, "Inna, ke ce matsalar. Muddin yana samu a wurinki, me zai yi da ni?"

Na ji haushi, na kusa ce masa ya tattara ayabarsa. Sai na tuna ai na san aikin nan. Mu a gidanmu ɗan fari ba a kallonsa, ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane. Ko kuka yake sai ki kau da kai, kakarsa ta ɗauka. Ina da shekara goma sha bakwai na koya, kuma na iya har ana yabona.

Washegari na ɗaure zani tamau, na sa riga mai wuya, na zauna ina tsintar wake. Ɗantala ya zo zai hau, na zame. Ya sake, na juya masa baya. Ya leƙo fuskata, na kalli bango. Ya kawo ayaba ya ɗora mini a cinya, na bar ta ta faɗi. Sai ya fara kuka, ya kwanta a ƙasa yana birgima, yana dukan kansa da hannu biyu. Ni kuwa wake nake tsinta, ban ma san tsakuwa nake zubarwa ko waken ba. Ranar bai ci komai ba.

Ɗana, ɗan farin nawa, yana zaune a bakin zaure yana kallo. Da Joda ya fita salla sai ya matso ya tsuguna nesa kaɗan, kamar yadda ya saba.

"Inna, haka ake ji?"

"Haka ake jin me?"

"In an kau da kan."

Gardi mai 'ya'ya uku, yana tambayata wannan! Na ce, "Tashi ka ba ni wuri, ka cika surutu." Bai tashi ba. Can na ce, "Haka ake ji. Kullum." Ya ɗauki faifan ya taya ni tsintar.

Rana ta biyar ma bai ci ba, sai ruwa da ya sha a randa. Idonsa ya faɗa. Na ce wa Joda a bar maganar nan, kar in kashe shi da hannuna. Ya ce in ƙara masa kwana ɗaya, don Allah. Rana ta shida da hantsi ina daka, na ji tsakar gida ta yi tsit. Ban juya ba. Sai na ji 'yar ƙarar nan da yake yi in yana cin abin da yake so. Na saci kallo ta gefen ido, ga shi zaune a kan ƙafar Joda, gwanda har haɓa. Na ci gaba da daka, hawaye na zuba a turmi.

Ranar tafiya motar ta tsaya a bakin lungu. Na shimfiɗa tabarma na zauna, fuskata ga katanga. Joda ya yi mini sallama, na amsa ban juyo ba. Sai na ji ɗan hannun nan a bayana. Ya ja zanina sau ɗaya, ya ja sau biyu. Ya ɗora kansa a kafaɗata, numfashinsa a wuyana, yana ɗan gunjin da yake yi mini da safe. Na danne hannuwana a ƙarƙashin cinya don kar su ci amanata. Ya daɗe a haka. Sannan nauyin ya sauka, na ji takunsa ya nufi zaure, na ji Joda ya ce, "Yauwa, zo."

Ɗana ya raka su har bakin titi. Da ya dawo ina nan yadda suka bar ni.

"Sun tafi?"

"Sun tafi, Inna. Yana ƙirjin Joda, yana cin gwaiba."

"Ya waiwayo?"

Na ga yana auna ko ya yi mini ƙarya.

"Bai waiwayo ba."

"Alhamdulillahi," na ce. Sannan na zaro hannuwana, na rasa inda zan sa su.