Ƙullin Masaƙa

Mamuda ya dawo Roni a shekarar da aka daina kashe fam da sule aka koma naira. Ya zo da akwatin ƙarfe ɗaya, da rediyo, da hannun dama naɗe cikin bandeji. Ya daɗe yana aiki a wata masaƙa a Kaduna, yana kula da injinan saƙa, har ranar da bel ɗin inji ya ja hannun rigarsa ya tafi da yatsunsa uku. Babban yatsa da ƙaramin ne suka saura. Kamfanin ya sallame shi, ya ɗauko matarsa Ma'u suka komo gidan mahaifinsa.

'Yan'uwa sun karɓe shi da kyau. Yayyensa suka yanka masa gona, aka yi masa gayya aka shuka gero, shi kuma ya koyi riƙe fartanya da hagu. Ba wanda ya taɓa jin ya yi ƙorafi. Amma Ma'u ta san abin da mutanen gari ba su sani ba. Kullum in ya dawo daga sallar asuba sai ya zauna a bakin gado kamar mai jiran a kira shi, kuma ta san jiniyar kamfani yake jira, wadda take tashin duk unguwar Kakuri a Kaduna. A Roni kuwa sai carar zakara da kukan jakin maƙwabta. Ya taɓa gaya mata cewa shirun garin nan har ciwon kunne yake sa masa.

Damina ta ƙi, ta sake ƙi. Gero ya bushe tun bai fid da kai ba, shanun Fulanin da ke bayan duwatsu suka yi ta faɗuwa. A rediyo kuwa kullum labarin kuɗin man fetur ake yi, ana gina wannan ana buɗe wancan, samarin gari suna saurare suna kallon hanyar Kazaure.

Bayan ƙaramar Salla, Malam Lauwali hedimasta ya yi sallama a zauren Mamuda. Ya ce labari ya zo cewa masaƙar da Mamuda ya baro ta gina sabon sashe, tana neman waɗanda suka gama firamare. Sai dai yanzu ba a ɗaukar mutum don ya tsaya a bakin ƙofa yana da ƙarfi. Jarrabawa ake yi, ta gwada basira da saurin hannu. Ya ce yana da samari shida da suka gama makaranta suna zaune, lissafi da Turanci zai iya koya musu, amma irin wannan jarrabawar bai taɓa ganinta ba.

"Kai ka taɓa zama ka yi ta, lokacin da za a ƙara maka girma," in ji shi. "Ka taimake su."

Mamuda ya ce shi ba malami ba ne, a ba shi lokaci ya yi tunani. Kashegari Ma'u ta gan shi ya dawo daga wajen kafinta da guntun katako a hammata.

A ajin firamare suke haɗuwa bayan la'asar. Da hagu yake zane a allo, layukansa a karkace. Ya zana zagaye, ya zana mai kusurwa uku, ya zana mai kusurwa huɗu, ya tambaye su wanne ya kamata ya biyo baya. Ya sa aka yanka murafen gwangwani aka fitar musu da haƙora, aka kafa su a kan katako suna cizon juna, ya ce in na farko ya juya dama, ina na ƙarshe zai juya? Ya huda wani katakon ramuka-ramuka, ya fere tsinkayen kara, kowa ya zo ya cika ramukan da hannu ɗaya yana kallon agogon da hedimasta ya ara masa. Daga wajen masu ɗinkin hula ya roƙo ragowar zare launi-launi, ya cakuɗa, ya ce su ware shuɗi mai duhu daga mai haske.

A cikinsu akwai Hamma, Bafulatani dogo marar magana, wanda garken mahaifinsa ya ƙare a farin nan. Hannunsa ya saba da igiya, ba ya ɓata lokaci. Akwai kuma Sama'ilu, wanda duk ya fi su karatu, amma yana da hali ɗaya: in tambaya ta gagare shi ba ya iya tsallake ta. Zai zauna a kanta yana cizon fensir har lokaci ya ƙare. Mamuda ya yi ta faɗa masa cewa masu jarrabawar nan da gangan suke sa tambayoyi su fi ƙarfin lokaci, so suke su ga wanda zai bar mai wuya ya kwashe masu sauƙi. Sama'ilu yakan ce to, amma a ransa gani yake barin tambaya a baya kamar gudu ne daga aiki.

Abin da ya rage shi ne ƙulli. A masaƙa in zare ya tsinke inji tsayawa yake, kuma akwai wani ƙulli na musamman, ƙarami, wanda yake wucewa ta idon inji ba ya maƙalewa. Duk mai neman aikin sai an nuna masa sau ɗaya an ce ya yi. Mamuda yakan yi shi a dā ido rufe, yana hira. Ranar da ya zo nuna musu, ya ɗauki bakin zare biyu, ya ɗora ɗaya kan ɗaya, ya nemi yatsan da zai zagayo da shi, bai same shi ba. Zaren ya zame. Ya ɗauka ya sake, ya sake zamewa. Samarin suka sunkuyar da kai. Ya ce yau a tashi haka nan.

Da ya koma gida ya zauna a tsakar gida da zaren a cinyarsa, bai taɓa tuwon da aka ajiye masa ba. Ma'u ta ja kujerar tsuguno ta zauna kusa da shi, ta ɗauki zaren.

"Malam, faɗa mini yadda ake yi."

Ya dube ta kamar ba zai amsa ba, sannan ya fara. Na dama a ƙarƙashin na hagu. Danne da babban yatsa. Zagayo ta bayansa. Tura bakin cikin kunnen, ki ja. Na farko ya fito ƙato, na biyu ya warware. Kafin a kira magariba ta yi wanda ya murza tsakanin yatsunsa biyu ya ce ko foman, shugaban ma'aikata, ba zai ƙi wannan ba.

Daga ranar aka mai da darasin zauren gidansa. Ma'u takan zauna a bakin ƙofa da mayafinta, shi yana faɗa, hannuwanta suna yi, samarin suna kwaikwayo.

A makonnin nan Mamuda ya zama wani mutum. Yana cin abinci, yana dariya, kuma bakinsa ba ya rabuwa da Kaduna. Ya ba su labarin abokinsa Julius, mutumin Kagoro, wanda injinansa ke kusa da nasa, yadda suke hira da leɓe da alamar hannu don ƙarar ba ta bari a ji magana. Ya ba su labarin mai ƙosan bakin ƙofa, da ƙurar audugar da ke sa gashin yaro ya yi fari kamar na tsoho, da yadda kekuna ke cika titi in an tashi aiki, har mota ta rasa hanya. Ma'u tana ji daga inda take. Ita ba ta yi kewar Kaduna ba. Ɗaki ɗaya ta sani, da layin famfo, da maƙwabtan da ba ta jin yarensu. A nan ga innarta, ga awakinta, ga filin da za ta shanya kuɓewa. Da Mamuda ya ce shi zai raka samarin Kaduna, tana ninke masa babbar rigarsa ta tambaye shi ko in sun ba shi aiki komawa za su yi. Ya ce rakiya kawai zai yi. Amma ta ga ya sa tsohon kakinsa na aiki a ƙasan jaka.

Suka shiga motar itace zuwa Kazaure, daga nan Kano, suka hau jirgin ƙasa. Tun jirgi bai tsaya ba Mamuda yake tsaye a taga yana nuna musu wurare. A bakin masaƙar suka tarar da jama'a cike, daga ko'ina. Ya gyara wa Hamma wuyan riga, ya sake tuna wa Sama'ilu maganar tsallake tambaya, aka kira sunayensu suka shiga.

Mamuda ya aika a kira masa Julius. Julius ya fito da farar riga, ya zama foman, ya yi ƙiba. Ya kama hannun Mamuda na dama, wanda mutane suke kauce wa, ya riƙe shi da hannu biyu ya daɗe bai saki ba. Ya tambayi Ma'u, ya tambayi gona, sannan ya nemi izini ya shigar da shi ciki.

Ƙarar ta daki Mamuda a ƙirji tun daga bakin ƙofa, ya ji ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafarsa yadda ya saba. Warin mai da auduga yana nan. Amma ɗakin da ya yi aiki an mai da shi ma'ajiyar dilolin yadi, injinan da ya sani an kwashe, an kawo sababbi masu launin kore, mutum ɗaya yana kula da layi guda. Fuskokin duk baƙi ne. Suna tsaye kusa da wani inji sai zare ya tsinke, jar fitila ta kama. Hannun Mamuda ya miƙa da kansa. Kafin ya kai, yaron da ke kula da injin ya ƙulla ya tayar, ya wuce bai ko dube shi ba. Mamuda ya mai da hannunsa cikin aljihu.

A waje, ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro, ya yi tambayar da ta kawo shi. Ya ce ko akwai aikin da za a ba shi, ko gadi ne, ko shara. Julius ya ce gadi yanzu tsofaffin sojoji ake ba wa, amma in Mamuda yana so zai yi magana, wataƙila a dace.

"Sai dai ka sani, abokina, ko an samu a waje za ka zauna. Ta bango za ka riƙa jin injinan. Ni na san ka, ba za ka iya ba."

Mamuda ya daɗe yana kallon rufin masaƙar. Ya ce a bar maganar.

Cikin samarin shida aka ɗauki huɗu, Hamma ne a sama. Sama'ilu ba ya ciki. Wata tambaya ce ta ƙafafun inji masu haƙora ta riƙe shi, ya san ya kamata ya wuce, ya kasa. A jirgi yana komowa ya jingina kai da taga yana share hawaye da hularsa. Mamuda bai yi masa faɗa ba. Ya saya musu rake a wata tasha, ya ce akwai gidan waya, akwai jirgin ƙasa, duk irin wannan jarrabawar suke yi, za su sake zama.

Da ya iso gida Ma'u ba ta tambaye shi komai ba sai da ya yi wanka ya ci abinci. Shi ya ce mata a nan za su zauna. Ta ji daɗi har cikin ranta, kuma ta ji kunyar jin daɗin, don ta ga yadda fuskarsa take.

Labarin samarin Roni da aka ɗauka ya bazu. Shekarar da ta biyo har daga Gwiwa da 'Yankwashi iyaye suka turo 'ya'yansu, wasu za su jarrabawar masaƙa, wasu ta gidan waya, wasu ta kamfanin haɗa motoci. Malam Lauwali ya ba Mamuda aji na dindindin. Sama'ilu ya sake zama, ya samu aiki a gidan waya na Kano, kuma har a can an san shi da rashin barin aiki rabi.

Da babbar Salla Hamma ya zo gida. Yaron nan da ba a jin muryarsa ya dawo yana magana da ƙarfi kamar mai kiran wani a ƙetaren rafi, har tsofaffi suka ce birni ya cire masa kunya. Mamuda ya ce ba rashin kunya ba ne, inji ne, kowa haka yake komawa. Ya zaunar da shi a zaure ya hana shi tafiya. Ya tambaye shi layin da aka ba shi, da irin yadin da suke saƙawa yanzu, da ko har yanzu zare ya fi tsinkewa da rani, da ko mai ƙosan nan tana raye. Hamma ya ce ta bar wa 'yarta. Mamuda ya sa ya sake faɗa masa yadda sababbin injinan suke canja ƙoshiyar zare da kansu, ya saurara ido rufe, ya ce a sake.

Ranar da Hamma zai koma Mamuda ya raka shi har bakin hanya, ya ba shi ƙullin daddawa da kwalbar man shanu ya kai wa Julius. Ya ce ya gaya masa in Allah ya yarda yana nan zuwa bayan kaka. Kaka ta zo ta wuce, sababbin ɗalibai suka cika aji. Mamuda bai sake zuwa Kaduna ba.