Filin Shan Iska a Gidan Noaga

A bayan Wagadugu, inda ba a yanka filaye ba tukuna, Noaga Tapsoba ne kaɗai ke hura wuta. Sauran ɗakunan, ƙanana kamar akurki, mutanen cikin gari ne suka gina don a ƙidaya su a ba su fuloti. Ranar ƙidaya suka zo da tabarmi da tukwane, aka shafa wa ƙofofinsu lamba, yamma na yi suka watse.

Bayan wata biyu sai ga Madam Paré daga ofishin magajin gari, riƙe da taswira. 'Yar ƙabilar Samo ce, abokan wasan Mosi, ƙabilar Noaga.

"Bawana, har yanzu ba ka mutu ba?" ta ce.

"Sai na binne ki tukuna, mai cin kare. Zauna."

Ta shimfiɗa takardar a kan turmi. Ɗakinsa ya tsira, amma titi zai ratsa tsakar gidan, daidai gindin kaɗanyar da ya binne matarsa Tampoko shekara goma sha ɗaya da suka wuce.

"Baba," ta ce, wasa ya bar muryarta, "sabuwar doka ta yi sassauci. Ina iya karkata titin, in ɗauko filin shan iskar unguwa in ajiye shi nan. Ba mai taɓa kabarin. Sai dai ba a barin gidan zama a filin shan iska. Fulotinka zai koma can bayan rafi."

Noaga ya dubi kaɗanyar. In ya zauna, kullum zai ji motoci suna bi ta kan Tampoko. In ya tashi, ya bar ta cikin baƙi. Wanne ne yasarwa? Ya juya tambayar ya sake juyawa, ba kowa a unguwar da zai tambaya.

"Yara za su yi wasa a wurin?"

"Har su ishe ta."

"Tana son hayaniya. Ni ne ban iya ba." Ya miƙa babban yatsa. "Kawo tawadar, baiwa."

Yanzu kowace Lahadi yakan tura kekensa ya haye rafin. Unguwar ta cika da katangu da fuskokin da bai sani ba. Yakan share gindin kaɗanyar, ya zauna a bencin siminti har rana ta karkata. Maƙwabtan sun ɗauka mai shara ne magajin gari ya turo, bai kuwa taɓa gyara musu ba.