Tuwon Baba Zailani

Sakinatu ta laɓe a bayan motar madara da aka ajiye kusa da gada, hannu ɗaya a kan cikinta, ɗayan riƙe da jakar cefanen da ta ɗauko don kada a ce ta fito babu dalili. Can ƙasan gadar, a bakin kanal, hanyar ruwan da aka haƙa ta ratsa unguwar Mile End a London, maƙwabcinsu Baba Zailani ya tsuguna ya buɗe kwano. Ko daga nesa ta san kwanon, ai nata ne, mai jan fure, cikin kayan aurenta ya zo daga Daura. Tuwon ciki ma ita ta tuƙa shi jiya da yamma, har da miyar kukar da aka aiko mata daga gida, wadda ko mijinta Almu sai ranar Juma'a yake ganinta.

Tsohon ya gutsuri tuwon, ya mulmula shi a tafin hannu, bakinsa ya motsa, ya jefa a ruwa. Ya sake gutsura, bakin ya sake motsawa, ya sake jefawa. Babu ƙugiya a hannunsa, babu igiya, balle a ce kamun kifi ya zo yi. Haka ya yi ta yi har kwano ya ƙare, ya karkata shi ya tsiyaye miyar, sannan ya dafa gwiwa ya miƙe da ƙyar. Sakinatu ta juya da sauri. Ta koma gida da jakar cefane babu ko albasa a ciki.

Gidan da suke haya a Whitechapel hawa uku ne. Juliana, nas 'yar Zonkwa, tana ƙasa, su Sakinatu a tsakiya, Baba Zailani a ɗan ɗakin sama mai taga ɗaya. Basarke ne daga Yawuri, mutanen da ake haifa a bakin kogi su tsufa a cikin jirgi. Wani alhaji ɗan kwangilar garinsu ne ya kawo shi, lokacin da kuɗin fetur ya fara sa mutanenmu sayen gidaje a London kamar ana sayen goro, don ya zauna masa a gida. Da alhajin ya sayar da gidan ya koma, Baba Zailani ya samu aikin gyaran kifi a shagon wani Bature a kasuwa, ya yi zamansa. Tun da Sakinatu ta gane ba shi da mai dafa masa, kullum da yamma sai ta hau da kwano, yadda ta ga uwarta tana yi wa tsofaffin unguwa. Washegari kwanon zai dawo a wanke fes, tare da shi albarka.

Abin da ya sa ta bi shi kuwa, wata biyu ke nan take ganinsa yana fita da sassafe da wani abu a ƙarƙashin kwat, kuma kwanon yana dawowa da wani ɗan ƙarni da sabulu bai gama kashewa ba. Ita kuma 'yar tudu ce, ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufin bayan gari ba sai da ta hau jirgin sama. Abin da ta sani game da Sarkawa daga bakin kakarta ne: suna da alkawari da mutanen ruwa, suna ba su, su ma su ba su. Sakinatu ta yi ɓari sau biyu. Wannan cikin na uku ya kai wata biyar, ko kujera ba ta ja da ƙarfi saboda shi. Da ta zauna ta yi lissafi, sai ta ga ɓari na biyu ya zo ne a lokacin sanyin da ta fara hawa da kwano. Mai neman abin tsoro ba ya rasa shi a cikin lissafi, kuma Sakinatu ta iya lissafi.

Da yamma ya ƙwanƙwasa, yana sanye da kwat da suwaita duk da zafin da aka fara a shekarar, irin zafin da Turawa suka yi ta kwanciya tsirara a ciyawa saboda shi. Ya miƙo kwanon da hannu biyu.

"Baba, tuwon ya yi kuwa?" in ji ta, tana kallon ƙwayar idonsa.

"Ya yi, 'yata. Har kwanon na suɗe. Allah ya yi miki albarka."

Ko ido bai ƙifta ba. Wannan ƙaryar ta fi abin da ta gani a bakin ruwa tsorata ta.

Kamar kullum, bai tafi ba sai da ya ciro hoton nan daga aljihu. Ɗansa Nata'ala ne, wanda gwamnati ta tura karatu Kanada, tsaye a cikin ɗan siririn kwalekwale yana ɗaga kifi. Babu wanda bai haddace labarin ba a gidan. Can a arewacin jihar Ontario akwai tabkuna a cikin dajin da mota ba ta shiga, sai mutum ya tuƙa kwalekwale, in ruwa ya ƙare ya ɗauke shi a ka ya ratsa bishiyoyi zuwa wani tabkin. Da farkon bazararsu, in ƙanƙara ta gama narkewa, kifin da suke kira walleye yana matsowa bakin duwatsu. Baba Zailani yana ce masa makaho, don idonsa fari ne, ya kuma yanke hukunci daga hoto cewa ƙanen giwan ruwa ne. Akwai kuma wani, bass mai ƙaramin baki, wanda Nata'ala ya ce in ya ji ƙugiya tsalle yake yi ya bar ruwan gaba ɗaya. Tsohon bai yarda da wannan ba, ya ce sai ya gani. Nata'ala ya riga ya saya masa tikitin zuwa can, ranar ashirin ga Yuni jirgi zai tashi. Shekara uku rabonsa da riƙe filafilin tuƙa kwalekwale, kullum sai ya faɗa.

A da Sakinatu takan yi dariya ta ce a kawo mata makahon ta ga idon. Ranar nan kuwa sai ta tsinci kanta tana tunanin me tsoho zai je nema a ruwan da babu kowa, kuma me zai biya da shi.

Ta gaya wa Almu yana cin abinci da littafin shari'arsa a buɗe kusa da faranti. Ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce a London ake, aljanun kanal ma sai da izinin hukumar unguwa suke zama, kuma wataƙila tsohon yana saba wa kifaye da wurin ne kafin a buɗe kamun kifi a tsakiyar wata. Ta tambaye shi to me ya sa zai ce ya suɗe kwano. Nan Almu ya ce ta yi yadda hankalinta zai kwanta, shi jarrabawa ce a gabansa.

Ta daina hawa da kwano. In ta ji takunsa a matakala sai ta kashe rediyo ta yi tsit. Ta lura takun ya canza, yana tsayawa a kowane hawa ya daɗe, ta ce a ranta sauraren ƙofarta yake yi. Ta ɗaura layar da uwarta ta ba ta, ta wanke kwanon mai jan fure da gishiri ta kife shi a ƙarƙashin gado. Rana ta biyar ya ƙwanƙwasa. Ta buɗe da sarƙa a maƙale, iya faɗin ido ɗaya. Ya ce ya zo duba ta ne, ya ji ta shiru, ya jikin? Muryarsa ta dushe kamar mai mura. Ta ce da sauƙi, tana kwance ne, ta rufe. Ta ji ya ɗan tsaya, sannan ya hau.

Gaskiya ita ce ta samu sauƙi a kwanakin. Cikin yana motsi lafiya, tana barci, kuma kowane motsi sai ta ɗauke shi shaida cewa ta yi daidai.

Rana ta goma sha biyu, da hantsi, ta ji wani abu ya faɗo a matakala. Ta leƙa ta ga Baba Zailani kwance a kan hawan da ke gaban ƙofarta, sabuwar jakar tafiyar da ya sayo ta gangara ƙasa. Ko a lokacin sai da ta yi jinkiri kafin ta cire sarƙar. Juliana ce ta hauro da gudu da rigar barci, don aikin dare ta yi, ta kwance masa wuya, ta taɓa nan ta taɓa can, ta ɗago ta dubi Sakinatu.

"Yaushe rabon baban nan da abinci?"

Sakinatu ta ce ba ta sani ba.

A asibiti aka riƙe shi. Kwana biyu bayan nan Juliana ta zauna a kicin ɗin Sakinatu ta yi mata bayani ba tare da kwana-kwana ba. Ciwon daji ne a maƙogwaro, ya toshe hanyar abinci, ya yi wata huɗu ko biyar tuwo ba ya wucewa. Shayi yake sha, daga baya shayin ma sai da dabara. Da an kawo shi da wuri, ko an riƙa ba shi abu mai ruwa-ruwa, da ya ɗan ja kwana da ƙarfinsa. Shi kuma ya kafe wa likitoci cewa ƙayar kifi ce ta maƙale masa, zai cire ta da kansa. Juliana ta girgiza kai ta ce ita ba ta gane ba, mutum ya ɓoye irin wannan don me? Almu ne ya gane. Ya ce duk ƙasar Hausa in ƙaya ta maƙale wa mutum wurin Basarke ake kai shi, ya yi tofi ya shafa wuya ta sauka. Basarken da ƙaya ta gagara a wuyansa ba zai buɗe baki ya faɗa ba, balle mai tsoron a hana shi hawa jirgi.

Ranar Laraba Sakinatu ta bi Almu dubiya. Babu kwat, babu suwaita, sai ta ga ashe mutumin da take tsoro bai fi ƙunshin itace ba. Almu ya fita neman likita. Tsohon ya yafito ta, ta matso, don muryar ba ta kai tsawon hannu ba.

"'Yata, na gode da kika daina aikowa."

Ta kasa ɗaga kai.

"Na san kin gane. Na ce yarinyar nan mai hankali ce, ta ga ba na iya ci, ta rufa mini asiri ba ta gaya wa kowa ba. Kullum ina jin nauyin ƙaryar da nake miki." Ya huta. "In na dawo miki da kwanon a rufe, na ci mutuncinki. In na zuba a shara, tuwo ne, Allah zai tambaye ni. Shi ne nake kai wa kifaye. Kowace loma na jefa sai na ce Allah ya sauke ki lafiya. Bakuna da yawa sun ci abincinki, ladan naki ne."

Sakinatu ta buɗe baki ta gaya masa gaskiya, ta roƙe shi gafara. Ta ga yadda yake dubanta da yarda, sai maganar ta ƙi fitowa. Kunya ta rufe ta irin wadda ba ta taɓa ji ba. Abin da ta iya cewa shi ne, "Allah ya ba ka lafiya, Baba." Ya ce amin, ya tambaye ta ko yau nawa ga wata. Ta ce sha shida. Ya ce to saura huɗu, ya rufe ido.

Ya cika washegari bayan azahar. Aka buga wa Nata'ala waya, ya ce kada a jira shi, a yi masa sutura, yana tafe. Almu yana cikin waɗanda suka yi masa wanka a masallacin unguwa, ya dawo da la'asar ya ce shi kaɗai ya ɗaga shi, bai ji ya ɗaga komai ba. Ya ajiye ledar kayan da asibiti suka bayar a kan tebur, ya ce a ninke a ajiye wa ɗansa, ya shiga ɗaki.

Sakinatu ta zazzage ledar. Kwat, suwaita biyu, riguna uku, duk abin da yake jibgawa a cikin zafin nan don kada a ga ƙashinsa. Ta ninke su ɗaya bayan ɗaya. A ƙasan ledar akwai bel ɗinsa na fata, baƙi, ya tsufa. Bayan hujin kamfani akwai wasu da aka huda da ƙusa, a karkace, suna tafiya suna matsowa ciki. Ta bi su da ɗan yatsa. Na farkon sun yi baƙi sun buɗe don amfani. Biyu na ƙarshe kuwa sababbi ne, fatar cikinsu fara ce, ko datti ba ta kama ba.

Ta naɗe bel ɗin a hannunta, ta zauna a bakin tebur. A ƙasa Juliana ta kunna famfo, bututun gidan ya ɗauki ƙara, sannan ya yi shiru.