Dolon Ɗaki na Huɗu

Muna tsakiyar karta a ɗakina, rediyo na ta kururuwa, sai muka ji bugu uku a bango.

"Dolo ya fara," in ji direba, abokin kartata. "Mun hana shi karatu."

Dolo shi ne na ɗaki na huɗu a gidan hayarmu, bango ɗaya ya raba mu. Tsohon malamin lissafi ne, tabarau kamar gindin kwalba, wando a saman cibiya. In ka gaishe shi, takalminsa yake amsa wa. Mata na ce masa Bagidaje, yara na ce masa Farfesa, ni kuwa na raɗa masa Dolo, kuma nawa ne ya bi shi. Har alfahari nake yi da hakan. Ba ya iya fitowa ya ce a rage surutu, sai dai ya bugi bango da sandarsa sau uku, mu rama da shida.

Ran nan bai tsaya a uku ba. Na cire takalmi ina mayar masa, direba yana kiɗa a kan tebur.

"Ƙara wuta, Dolo! Yau ka waye!" na ce.

Matata ta leƙo daga tsakar gida. "Maigida, bugun nan fa daga ƙasa yake fitowa. Ko za ka duba shi?"

"Ke ma dolancin ya kama ki? Raba mana karta, direba."

Bugun ya yi ta ja da baya, kafin yamma ya ɗauke. Na ce mun ci wasa.

Bayan kwana biyu ƙanwarsa ta zo, aka ɓalle ƙofa. Yana kwance tsakanin gado da bango ba rai, sanda a hannu, ƙwayoyin maganinsa can kan tebur.

"Ba wanda ya ji motsinsa?" ta tambaye ni.

"Baiwar Allah, kin san yayanki ba mai magana ba ne."

Direba ya gyaɗa kai. Matata ta dube ni, ta shige ɗaki. Ban taɓa ƙin kaina kamar lokacin ba.

Da yake fenti ne sana'ata, ni mai gidan ya ba gyaran ɗakin. A bango akwai tsofaffin tabon sanda daidai kafaɗa. Sababbin suna ƙasa, taki ɗaya daga siminti. Na shafa musu fenti har sau uku, da ya bushe suka sake fitowa.