Fijon Alhaji Basiru da Rumbun Gajere

"Na sallama," in ji Gajere, ya kama hannun Alhaji Basiru ya girgiza. "Babur nawa, mota taka. Duk abin da yake na motar naka ne, har kusar ƙarshe. Abin da ba nata ba kuwa, ba ka taɓa shi sai da yardata."

"To me zan taɓa a gidanka, Malam Gajere? Akuya?"

"A'a, Alhaji, na dai faɗi ne. Magana a gaban mutane ta fi daɗi."

Maƙwabtan da suka tsaya shaida suka yi dariya, aka shafa fatiha, Gajere ya karɓi makullin babur ya jefa a aljihu.

Alhaji Basiru ya ci shekaru yana aiki a sakatariyar ƙaramar hukumar Kankiya, kuma duk tsawon aikin nan bai taɓa yarda akwai wanda ya fi shi iya ciniki ba. Da ya yi ritaya sai zaman banza ya ishe shi. Ana nan wani ya ba shi labarin wata tsohuwar Fijo 404 da ke ajiye a bayan gidan wani manomi a Ƙofa, ta ƙasar Kusada. Yana zuwa ya gane ta. Motar mahaifinsa ce, wadda marigayin ya yi haya da ita tsakanin Kankiya da Kusada tun Basiru yana yaro. Ga lotsawar da wani sa ya yi mata a ƙofar baya tana nan yadda take. Bayan rasuwar tsohon an sayar da ita, ta bi hannu-hannu har ta faɗo wa Gajere a gadon wansa. Alhaji bai faɗa wa kowa wannan ba, don kada a tsawwala masa. Ya taɓe baki, ya harbi tayar da ta sace, ya ce ai gwangwani ne, ya ba da tsohon babur ɗinsa a madadinta, yana jin ya yi wa baƙauye wayo.

Abu ɗaya ya rage, ya ce bari ya ɗaga bonet ya ga inji. Ya kai hannu ke nan sai Mairama matar Gajere ta ɗaga murya daga bayan dangar kara.

"Don Allah Alhaji a yi haƙuri! Kazata na kwanci a nan ciki, ƙwan zabi na sa mata. In aka firgita ta ta tashi, sun lalace."

Alhaji ya janye hannu. Mutum mai mutunci ba ya jayayya da matar wani a kan kaza. Aka tsayar da magana cewa motar za ta zauna har a ƙyanƙyashe, sannan ya zo ya ɗauka. A hanyar komawa gida, cikin motar haya, bai tambayi kansa ba ko sau ɗaya: in akwai inji a wurin, ina kaza ta samu filin kwanci?

A gida kuwa sai da aka kai ruwa rana. Wurin da zai ajiye motar ɗaya ne, rumfar kwano da ke cikin gida, inda matarsa Hajiya Rahamatu take suyar ƙuli-ƙuli da matsar man gyaɗa.

"Alhaji, wato ka ba da abin da ke tafiya ka karɓo wanda ba ya tafiya?"

"Za ta tafi, Hajiya. Ke dai ki zuba ido."

"To ji nan. Rani ne ke zuwa, zan iya suya a tsakar gida. Amma ranar da ruwan farko ya sauka ina son rumfata. In motar nan ba ta fita da kanta ba, ni zan kira 'yan gwangwan su sa mata guduma, kuma ba sai na jira ka dawo daga masallaci ba."

Ya san ta. Ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba. Ya ce ya yarda.

Bayan kamar wata guda saƙo ya zo cewa zabi sun fito. Aka ɗauro Fijo a bayan wata a-kori-kura aka jawo ta Kankiya, mutane suna leƙowa daga shaguna suna tambayar wa ya mutu ya bar wannan. Alhaji ya kira Dawuda bakanike, tsohon hannu wanda ya koyi aiki a kan irin waɗannan motoci. Dawuda ya yi bisimilla ya ɗaga bonet. Ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo.

"Alhaji, inji fa? Ko ka ajiye shi a ɗaki?"

Alhaji ya leƙa. Babu komai sai ɓawon ƙwai, da gashin kaza, da wata tsohuwar ƙwarya. Ta ƙasa yana hango siminti.

Washegari da sassafe yana Ƙofa. Ya tarar da Gajere yana goge babur da tsumma.

"Malam Gajere, ka ci amanata! Ina inji?"

"Subhanallahi! Amana kuma, Alhaji? Injinka na nan lafiya lau, ko ruwa bai taɓa taɓa shi ba. Taho in gwada maka."

Ya kai shi gindin babban rumbunsa na laka, ya tsuguna ya nuna. Kowa ya san ba a kafa rumbu a kan ƙasa, sai a kan duwatsu, saboda gara da laima. To shekarar da Gajere ya gina nasa dutse ɗaya ya yi ƙaranci, sai ya duba ya ga ga ƙarfe mai nauyi yana zaune ba aiki. Ga injin Fijo nan a kusurwar gabas, ya ɗauki rumbu a ka.

"Ka gani? Naka ne. Ɗauki abinka."

"Ta yaya zan ɗauka, rumbu na kansa?"

"To, rumbu dai ba na mota ba ne."

Alhaji ya ɗaga kai ya ga sabuwar jinka, ya ga an shafe bakin rumbun da ɗanyar laka. Nan take ya tuna ranar ciniki rumbun nan a buɗe yake, wayam, ana shan iska da shi. Da ya ɗaga bonet a ranar, da an tokare rumbun da icce an zare inji kafin la'asar. Watan da kaza ta yi tana kwanci, a cikinsa aka yanke gero aka ɗaure, aka cika rumbu har wuya.

Ya haɗiye fushi ya ce a kawo jak a ɗan ɗaga. Gajere ya ce laka ce, tana jin motsi za ta tsage. Ya ce to a kwashe geron na yini ɗaya a mayar. Gajere ya riƙe baki.

"Alhaji, kai mutumin birni ne. A garin nan maigida ba ya fasa babban rumbu sai ruwa ya sauka an shiga noma. In aka ga na buɗe shi tun kaka, kafin azahar an ce yunwa ta shiga gidan Gajere. Wa zai sake ba ni wuri a sahun gaba? Ka yi haƙuri zuwa ruwan farko, ni da kaina zan kawo maka shi a amalanke."

Ruwan farko. Alhaji ya ji kamar Hajiya Rahamatu ce ta aiko da maganar.

Dawuda ya ba shi shawara su je Kano su nemo wani injin, ba a rasawa. Alhaji ya ƙi. A nan ne ya faɗi gaskiya, murya ƙasa-ƙasa: shi ba ƙarfe yake nema ba. Ƙarar injin nan ita yake ji tun daga kwanar kasuwa ya san Baba ya dawo, ya ruga ya buɗe ƙyaure. Ita yake son ya sake ji. Dawuda ya ci gaba da kankare tsatsa.

Alhaji ya yi ta zarya. Ya je da goro, ya je da sukari, Gajere yana karɓa yana godiya yana sa albarka, rumbu yana nan inda yake. Sai da sanyi ya wuce sannan wata rana Gajere ya ce, kamar maganar ta faɗo masa ne yanzu:

"Ai da akwai hanya guda. Mutum ya fasa rumbu ya ci, abin kunya ne. Amma mutum ya kwashe hatsi daga tsohon rumbu ya zuba a sabo wanda ya fi shi girma, wannan sai a ce Allah ya buɗa mashi."

Alhaji ya dube shi, shi ma ya dubi Alhaji.

Aka kira magina. Alhaji ya sayi duwatsu, ya tsaya da kansa ya tabbatar sun cika, ya biya masu kwaɓa laka da masu jinka, ya ciyar da su. Da rumbu ya bushe aka yi gayya aka kwashe gero, garin Ƙofa kaf ana cewa Gajere ya yi arziki. Aka zare inji aka kai Kankiya. Dawuda ya kwance shi ya ce ikon Allah, inuwar rumbu ta adana shi fiye da gareji. Ya wanke, ya canza abin da ya mutu, ya ɗaura. Sannan ya shiga ƙarƙashin motar, ya fito yana share hannu.

"Alhaji, giyabos fa? Babu akwatin giya a nan."

Wannan karon Alhaji bai yi ihu ba. Ya sa hula ya tafi Ƙofa, bai ko tsaya wurin Gajere ba, ya yi sallama ya wuce gindin ƙaramin rumbun da Mairama take ajiye wake, ya tsuguna. Ga giyabos nan a ƙasa, ya tokare rumbun.

"Ni ba na son rumbu, Alhaji," in ji Mairama daga bayan danga. "Ɗan ɗaki nake so mai ƙofa da kwaɗo, zabina su samu wurin kwana."

Kafin a gama ɗakin zabi zafi ya kai inda ya kai, hadari ya fara leƙowa ta gabas da yamma yana komawa. Hajiya Rahamatu ta daina magana. Kullum sai ta fito ta dubi sama, ta dubi mota, ta koma. Har wani mai sayen gwangwan ya zo ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa ta da yatsa, wai wucewa yake yi.

Ranar da abin ya faru, hadari ya haɗu tun hantsi, baƙi ƙirin. Dawuda yana ƙarƙashin mota yana ɗaure kusoshin ƙarshe, Alhaji yana riƙe da sitiyari yana karanta duk addu'ar da ya sani. Iska ta taso. Aka murɗa makulli, motar ta yi tari ta yi shiru. Aka sake, ta yi atishawa, hayaƙi ya cika gida. Ɗigon farko ya bugi kwanon rumfa. A na gaba sai ta kama, da wata irin ƙara mai kauri, tana karkarwa kamar mai zazzaɓi.

Alhaji ya kasa kunne yana saurare. Ita ce. Ya share ido da hannun riga ya ce hayaƙi ne.

Ya sa giya ya fita da ita cikin ruwa, ya zagaya ta kasuwa ya bi ta gaban sakatariya yana danna ham. Rufin yana yoyo daidai kan hularsa, bai damu ba. Da ya dawo ya tarar Hajiya ta mayar da kaskonta da murhunta da buhunan gyaɗa cikin rumfa, har ta hura wuta.

"Hajiya, ina zan sa motar? Ai ta tashi!"

"Shi ya sa. Mota mai tafiya me za ta yi da rumfa? Sa ta a gindin dalbejiya."

A can take kwana har yau, an lulluɓe ta da tamfol, kuma ranar Juma'a yakan fito da ita in ta ga dama.

In ana lissafin wanda ya ci da wanda aka ci: Gajere ya samu babur da sabon rumbu da sunan mai arziki. Mairama ta samu ɗaki, zabinta sun yi yawa har tana kai wa kasuwar Kusada. Hajiya Rahamatu ba ta rasa komai ba. Mai gwangwan ya yi asarar tafiya. Alhaji Basiru kuwa an ci shi ciniki ta gaba da ta baya, duk Kankiya ta sani, shi ma ya sani. Amma in ya tayar da motar da safe ya zauna yana jin ƙararta, ba ka isa ka gamsar da shi cewa shi ne ya faɗi ba.